Kunyar da Saje Ya Tsallake

Rikoto, Zuru,
Jihar Kebbi.
Nuwamba, 2006.

Zuwa ga Yayata Leah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida Saje Dawuda, da yara da jikoki baki ɗaya. Ina roƙon Allah ya sassauta miki ciwon gwiwar nan da kika ce yana hana ki durƙuso, ya kiyaye fitarku da shigarku a Zariya, ya kuma taɓa zuciyar masu biyan fansho su riƙa tunawa da Saje. Mu nan gida muna nan yadda kika bar mu. Damina ta yi albarka, an cire gyaɗa, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran girbi. Ɗanki Solomon yana can Darfur har yanzu tare da bataliyarsu. Yakan kira matarsa Rachel idan ya samu waya, ya ce lafiya suke, sai zafin rana da kewar tuwon gida. 'Yarsu Jessica ta fara tafiya, ba abin da ya tsira a tsakar gida, jiya ma a cikin kwandon barkono muka tsince ta. Akuyar nan mai baƙin kunne da kika ce ba za ta yi rai ba ta haifi biyu.

Kafin in shiga abin da ya sa na ɗauki biro, ina da magana da mai karatu. Saje, na san kai ne riƙe da takardar nan, tabarau a kan hanci, Yaya tana zaune a tabarma tana jiran abin da zai fito daga bakinka, tunda ni Baba ya kai makarantar mishan, ita ya bar ta a gona. To ina so ka tuna lokacin da kake golmo, kai da abokanka kuna yi wa Baba noma shekara da shekaru don a ba ka Yaya. Wata rana ina yarinya na kawo muku kunu, na tarar Baba yana bin bayanku hannu a baya yana duba aiki. Sai ya tsaya a kan wata kunya guda da ka tsallake don ka riga abokanka kai ƙarshen gona. Bai yi faɗa ba. Ya kira ka a gaban kowa, ya nuna maka ita da sanda, ya ce kunyar da aka tsallake ita ce ke haifa wa gona ciyawa. Ka koma ka nome ta kai kaɗai, abokanka suna shan kunu, ni kuma na yi ta dariya har ka ce idan aka ba ka Yaya ba zan taɓa cin naman gidanka ba. Na ci, ba sau ɗaya ba. Na tuna maka wannan ne don takardar yau tana da kunyoyi da yawa, kuma ba na so ka tsallake ko ɗaya.

Yaya, ba ni da lafiya, kuma an daɗe. Tun bara wajen Kirsimeti na fara ganin jini idan na zaga bayan gida. Da farko ɗan kaɗan ne, sai wajen tsarki nake ganinsa, ba zafi ba komai. Na ce wataƙila bushewar ciki ce, na ƙara shan ruwa, na ci gaba da suyar ƙosaina. Da ya ƙi tsayawa sai na je wurin Jabiru mai kemis na bakin kasuwa. Kin san shagonsa, ba ya rabuwa da 'yan kabu-kabu masu sayen maganin ciwon jiki. Na jira suka ragu, ba su ƙare ba, sai na matsa kusa na ce masa a hankali ina ganin jini. Yaron kirki ne, Mama yake ce mini. Ya sunkuyar da kai, bai tambaye ni ta ina ba, ni ma ban faɗa ba. Kin san idan mace ta ce tana ganin jini, abu ɗaya kowa yake ji. Ya ƙulla mini ƙwayoyin mata a leda, na biya na tafi, alhali na daɗe da sallama da al'ada. Da suka ƙare ba canji, na je wurin ungozoma a ƙaramin asibiti, na sake faɗin kalmomin nan guda. Ta kwantar da ni ta duba gaba, ta ce mahaifa lafiya lau, wataƙila shekaru ne. Ina kwance ina kallon rufi, maganar tana bakina, amma labule ne kawai tsakanina da matan da ke kan benci, cikinsu har da 'yan majami'armu. Na ɗaura zanena na yi mata godiya.

Sau ɗaya tak na yi ƙarfin hali, shi ne a takardar da na aiko miki lokacin Ista. Na rubuta cewa ina ganin jini, ki sa ni a addu'a. A layi na gaba na rubuta cewa ba ta inda kike tsammani ba ne, ta baya ne. Na daɗe ina kallon layin nan kafin in naɗe takardar. Bayan makonni muka yi magana a wayar yarinyar nan mai lema a tasha, kina dariya kika ce mini Saje yana isowa wurin jini ya yi tari, ya ce daga nan kuma maganar mata ce, ya tsallaka zuwa gaisuwa. Kika ce kada in damu, ke ma kin yi irinsa da al'ada za ta ɗauke miki, kuma kin sayo mini magani wurin wata mata a kasuwar bariki. Na buɗe baki in gyara miki, sai na ga mai wayar tana kallon agogo, mutum uku a bayana sun miƙa kunne. Na ce to, na gode. Ƙullin ya iso, na dafa na shanye shi tas, don daga hannunki ya fito. Saje, ban riƙe ka a zuci ba. Kunya ka ji, irin wadda na ji a shagon Jabiru, kuma dukanmu haka aka rene mu.

Da damina ta tsaya sai jiri ya fara. Wata safiya ina gaban kasko, na miƙe in juya ƙosai, sai na ga titi yana tafiya, na zauna a ƙasa daɓas. Rachel ta kama ni ta kai ni ɗaki. Ashe ta daɗe tana lura da masai idan na fito, ta rasa yadda za ta tambayi uwar mijinta. Ranar ta rufe ƙofa, ta durƙusa, ta tambaya. Na faɗa mata. Ki duba fa, abin da na kasa faɗa wa ungozoma, sai ga ni ina faɗa wa surukata, yarinyar da ko tauna ba na yi da ƙarfi a gabanta. Tana ji sai ta saki ajiyar zuciya ta ce ai basir ne, babanta ma yana da shi. Kafin mako ya zagayo unguwa duk ta san Monica tana da basir, kuma kowa ya zama likita. Maƙwabciyata Rahmatu mai daddawa ta kawo sassaƙe ta ce in jiƙa da jar kanwa. Matan zumuntar majami'armu kowace da nata: wannan ta ce in bar yaji, waccan ta ce in bar zama kan kujera 'yar tsugune, wata ta ce hayaƙin mai ne. Har masu motar nan da lasifika da ke zuwa ranar kasuwa na sayi kwalba biyu a wurinsu, baƙin ruwa mai ɗaci kamar maɗaci. Abin da na lura shi ne sunan nan ya kwantar wa kowa da hankali. Basir ciwo ne da ake faɗa ana murmushi, har tsokanata ake yi a bakin rijiya. Ni ma na karɓe shi hannu biyu, don ya fi sauƙin ɗauka.

Amma jiki bai san da wannan suna ba. Zanen da nake ɗaurawa sau ɗaya ya zauna, yanzu sai na zagayo da shi ya kusa biyu. Jinin ya bar ja ya koma duhu, yana cakuɗe da bayan gida, wani lokaci da majina. In je masai in dawo, in ji kamar ban gama ba, in sake komawa. Tuwo ya daina yi mini daɗi. A watan jiya Rachel ta ja fatar idona ta duba, ta ce fari fat, ta ce ko in bi ta babban asibitin gari ko ta faɗa wa Solomon a waya. Na bi ta.

Likitan da muka samu yaro ne, ban ce ya kai Solomon ba, ɗan kudu mai hidimar ƙasa. Hausarsa guntu-guntu ce, ta kasuwa. Na ce masa basir ke damuna. Ya ce shi bai tambaye ni sunan ciwo ba, me nake gani. Na ce jini. Ya ce daga ina, gaba ko baya. Haka kai tsaye, don Hausarsa ba ta kai ta kewaye-kewaye ba. Shekara guda ina yawo tsakanin mutanen da suka iya magana, kowa yana kare mini mutunci, sai wanda bai iya ba ne ya yi tambayar. Na ce baya. Ya kira wata nas ta tsaya, ya ce in kwanta a gefe, ya sa safar hannu ya duba da yatsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na juya fuska bango, akwai wata kalanda ta shekarar da ta wuce, na yi ta karanta watanninta har ya gama. Ya wanke hannu ya zauna, ya tambaye ni yaushe abin ya fara. Da na faɗa masa sai ya buga biro a tebur. Ya ce ya taɓa wani abu mai tauri a ciki wanda ba haka basir yake ba. Ya aika aka auna jinina, aka ce ya yi ƙasa sosai. Na ce to mene ne sunansa. Ya ce ba zai sa masa suna ba sai an gani da ido, kuma nan Zuru ba su da abin gani. Sai Sakkwato ko Zariya, inda za a zura wani siririn bututu mai fitila a duba hanji, a ɗan yanki nama a auna. Ya ce kada in bari sabuwar shekara ta same ni ban je ba. Ya maimaita wannan da Turanci ga Rachel, don ya tabbata an ji.

Yaya, a nan ne zan gaya miki abin da ban gane ba game da kaina. Ban ji komai ba. Muna kan babur za mu koma gida, Rachel tana bayana tana kuka har hawayenta na jiƙa mini wuya, ni kuwa tunanina yana kan waken da na jiƙa, ko na rufe shi ko kaji sun shiga. Muka iso, na tarar na rufe. Na wanke shi na kai niƙa. Tun daga ranar haka nake. Ina tashi, ina hura wuta, ina suya, ina ba da canji. Idan na zaga na ga jinin, sai in tsaya ina kallonsa kamar na wata ce, in zuba ruwa in fito. Ina addu'a safe da yamma, kalmomin suna fita daidai yadda aka koya mana, amma ban san inda suke zuwa ba. Ran Lahadi matan zumunta suka yi waƙar da aka yi a jana'izar maigidana Ishaya, wadda ko a rediyo na ji sai na yi kuka, na tsaya ina tafi tare da kowa, idona a bushe. Fasto ya zo gaishe ni, ya ce bai taɓa ganin bangaskiya irin tawa ba. Na bar shi da zatonsa. Ba bangaskiya ba ce, ba jarumta ba ce. Kin san yadda ƙafa take yi idan an daɗe a zaune a kanta, ki tsunkule ta ba ki ji ba. Haka cikina yake. Wani lokaci ina so in ji tsoron ma, ko zan san da rai a jikina. Abu guda ne yake ɗan motsa ni, idan Jessica ta zo ta kama zanena tana ce mini Kaka, sai in ɗauke kai in kalli wani wuri.

Sai maganar biya, wadda kin san ita ce ciwo na biyu. Abin da likitan ya kimanta mini na gwajin kaɗai, ban da mota da abinci da abin da zai biyo baya, ya fi ƙarfin kaskon ƙosai. Ishaya manomi ne, Allah ya ji ƙansa, gona ya bar mini da fartanya, bai bar fansho ba. Rachel ta zo da murna ta ce ai yanzu akwai inshorar lafiya da aka fara yi wa masu aikin gwamnati, Solomon yana ciki. Muka je muka tambaya, aka ce mana ta mutum ce da matarsa da 'ya'yansa, uwa ba ta ciki. Wato wadda ta haife shi ba iyalinsa ba ce. Ban yi musu ba, na ce to. A hanya yarinyar nan ta ce in karɓi katinta in je da sunanta. Na ce ta dubi hoton da ke jiki ta dube ni, wane makaho ne zai yarda. Ranar ce kaɗai na yi dariya. Na leƙa asibitin mishan, suka karɓe ni da mutunci, suka ba ni maganin ƙarin jini a kan rahusa, amma su ma ba su da na'urar. Asibitocin kuɗi kuwa ko ƙofarsu ban taɓa ba. Matan zumunta sun yi mini karo-karo, Rahmatu ta ƙulla nata a bakin zane ta kawo ba ta bari na ƙi ba. Zan sayar da awakin, da rabin dawa idan an girbe. Gonar ce ba zan taɓa ba, ta Solomon ce. Shi kuma ban faɗa masa ba, na hana Rachel ma. Mutumin da ke riƙe da bindiga a ƙasar wasu ba a raba masa hankali biyu.

To ga abin da nake roƙo. A Sakkwato ba ni da kowa, a Zariya ina da ku. Ina so ki ba ni wurin shimfiɗa tabarma, ko a ɗakin girki ne, ki kuma raka ni ranar gwajin, ki zauna kusa da kaina. Ba sai kin ce komai ba. An ce zumunta a ƙafa take, to tawa ƙafar ta yi nauyi, amma zan jawo ta. Da an gama girbi zan shigo mota ta Kontagora, kafin Kirsimeti in Allah ya yarda.

Kai kuma Saje, aikinka ya fi na kowa. Kafin in zo, ka sa hular nan taka ta tsofaffin sojoji, ka je babban asibiti ka tambayo mini. Wace rana ake ganin masu irin ciwona, wane layi ake bi, nawa ne gaskiyar kuɗin, ko ana yarda a biya kaɗan-kaɗan. Na ji an ce irin waɗannan asibitoci suna da ofishin da ke duba marasa ƙarfi a rage musu, ka binciko ko gaskiya ne, da abin da ake kawowa. Ka iya magana da ma'aikata, muryarka ma kaɗai tana buɗe ƙofa. Amma idan suka tambaye ka me ke damun matar, kada ka yi tari. Kada ka ce matsalar mata, za su tura ni layin masu ciki, a sake duba inda ba ciwo. Kada ka ce basir, za su rubuta mini man shafawa su sallame ni. Ka ce ƙanwar matarka ce, ta haura hamsin, shekara guda tana zubar da jini ta dubura, tana ramewa, kuma likita ya taɓa wani abu mai tauri a ciki. Ga shi na rubuta kalmar da hannuna, ban mutu ba. Kai ma idan ka faɗe ta ba za ka mutu ba. Shekara ɗaya ta riga ta tafi a kan kunya, tawa da taka da ta Jabiru, kuma ban san ko ina da wata shekarar da zan bayar ba.

Ki gaishe mini da ɗanku Justice da matarsa, ki ce na ji labarin ƙarin girma, Allah ya sa albarka. Ki gaishe da jikoki duka, da Maman Amatullah maƙwabciyarki da ta ba ni turare wancan zuwan, da matan zumuntarku. Rachel tana gaishe ku da kyau, ta ce a faɗa wa Baba Saje za ta aiko masa da gyaɗa. Rahmatu ma ta ce a gaishe ki, daddawarki tana nan a ajiye, da ni za ta zo.

Yaya, ga gaisuwar nan an iso, wurin da maigidanki yake son saurin zuwa. Kafin ya naɗe takardar, ki tambaye shi ta ina Monica ta ce jinin yake fita. Idan ya faɗa miki da bakinsa, to ya karanta duka. Idan ya yi tari, ki nuna masa takardar da sandarki, ya koma ya nome abin da ya tsallake.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ni ce ƙanwarki,
Monica Ishaya.